Mai Tsaya wa Firdausi

Sunan Firdausi bai fito cikin waɗanda aka ba ɗaki a gidan ɗalibai na jami'a ba. Ta bi takardar da aka liƙa a bango da yatsa, daga sama har ƙasa, ta sake bi, sannan ta kira yayarta a Matamaye. Najaha na tsakar gida tana matsar man gyaɗa, hannu duk maiƙo, sai ta maƙale wayar da kafaɗa ta saurara har ƙarshe. Ta ce mata ta dawo gida kawai, kada ta tsaya kuka a gaban mutanen Damagaram.

'Ya'yan Najaha biyu, Jamila da Yunus na goye, amma in ana lissafin gaskiya uku ne. Tun da mahaifiyarsu ta rasu Firdausi take hannunta, tana 'yar shekara goma. Da cinikin ƙuli-ƙuli da mai ta saya mata littattafai da kayan makaranta har Firdausi ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Mijinta Iliyasu mutum ne mai sauƙin kai, bai taɓa nuna wa yarinyar bambanci ba, sai dai da an ɗaure gero ya wuce Fatakwal ci-rani, ba a sake ganinsa sai ruwan farko. Duk abin da ya taso tsakanin kaka da bazara, kan Najaha yake sauka.

Wata 'yar ajin Firdausi ce ta ba su labarin gidan Hajiya Ummu Salma, inda ake ba ɗalibai mata haya, kusa da jami'a har ana zuwa a ƙafa. Ranar Litinin suka shiga motar sassafe, Yunus a bayan uwarsa. Najaha ta zaga gidan kamar mai shirin sayensa. Ta murɗa famfo ta ga ruwa na zuwa, ta gwada sakatar ƙofa, ta leƙa banɗaki, ta tambayi lokacin da ake rufe ƙofar waje da kuma ko akwai namiji baligi a gidan. Ɗaki ɗaya ya rage, na ƙurya, mai taga a gabas. Ta ga inda za a sa katifa da inda ƙaramin tebur zai zauna, har ta fara tunanin labulen da za ta ciro daga nata ɗakin.

Sai Hajiya Ummu Salma ta shiga ciki ta fito da takarda. Ta ce ba ta ba kowace yarinya ɗaki sai da mai tsaya mata, babban mutum mazaunin Damagaram, mai gida ko mai albashi, wanda zai zo da ƙafarsa ya sa hannu ya bar hoton katinsa na shaida. Najaha ta ce za ta biya wata uku a gaba, in ana so ma ta nemo na shida.

"Ba kuɗi na ce miki ba, 'yar nan. Mutum nake so. Ran da yarinya ta kwanta da zazzaɓi, wa zan kira ya iso kafin la'asar? Ke da kike Matamaye da goyo?"

Ta ba su labarin wata ɗaliba da ta yi kwana biyu tana amai a bara, aka yi ta kiran lambar iyayenta ba ta shiga, ita ta kwana da ita a likita. Tun daga ranar ta sa wannan doka, kuma ba ta ɗaga wa kowa. Najaha ta san da ita ce mai gidan, abin da za ta yi ke nan. Hajiya ta ce za ta riƙe musu ɗakin zuwa yammacin Alhamis.

A mota Najaha ta yi ta juya sunayen mutane a zuci. Da suka isa gida ta kira Iliyasu. Ya ce a ba shi lambar Hajiyar ya aika mata saƙon murya, in ta ji yadda yake magana za ta san mutumin kirki ne. Najaha ta ce masa muryar ba ta kai yarinya likita. Ya yi dariya, ya tuna mata da abokinsa Yahaya, jandarma a Damagaram. Ta kira Yahaya washegari, ashe an mayar da shi Diffa tun damina. Shugaban makarantar su Firdausi ya ce da zuciya ɗaya zai tsaya, amma gidansa da aikinsa duk a Matamaye suke. Wani dillalin gyaɗa da ke sayen manta ya ce shi ba ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba. Kafin magaribar Talata mutum ɗaya ya rage, wanda tun farko ta san shi ne, take ta kewaye shi: Gwaggo Shekara, ƙanwar mahaifinsu, mai sayar da atamfa, mai gidan kanta a unguwar Birni.

Najaha ta san gidan ciki da waje. Tana da shekara goma sha uku mahaifinsu ya ɗauke ta daga ƙauyensu na wajen Dungu ya kai ta can don ta yi koleji. Ba wanda ya zage ta a gidan, ba wanda ya hana ta abinci, da Sallah ma atamfarta ta fi ta 'ya'yan gidan kyau. Amma ita ke ɗora ruwan safe, ita ke shara da wanke-wanke, ita ke raka yara makaranta, in Gwaggo za ta biki ita ke tsaron shago. Tana buɗe littafi za a kira sunanta, kuma ba ta taɓa jin an kira ta kasa tashi ba. Ta maimaita aji, ta sake faɗuwa, aka sallame ta. A dangi aka ce kan Najaha ba na boko ba ne, ita ma ba ta gyara wa kowa zancen ba. Saboda wannan ne take son ɗaki mai sakata, inda ba mai kiran Firdausi in ta zauna karatu.

Akwai kuma wani nauyin. Wata bakwai ke nan da rasuwar Alhaji, mijin Gwaggo, Najaha ba ta je gaisuwa ba. Lokacin tana da cikin Yunus wata tara, ta yi gaisuwar a waya ta ce tana nan tafe. Ta haihu, ta shiga wankan jego, damina ta sauka, Jamila ta yi zazzaɓi. Duk gaskiya ne. Amma ta san da gidan wani ne da ta samu rana ɗaya. Gwaggo ta shiga takaba ta fita, ɗiyar wanta da ta yi shekara uku a ɗakinta ba ta tako ba.

Ranar Laraba ta bar Jamila wajen maƙwabciya, ta ɗaura ƙuli-ƙuli a leda, ta cika galan da mai, ta sayi rake a tasha. Takardar Hajiya Ummu Salma tana ninke cikin jaka. Firdausi ta tambaye ta yadda za ta fara zancen, ta ce ta bar mata.

Sun tarar da Gwaggo a kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta rame, da wasu mata biyu na unguwa. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon Najaha.

"Wace ce wannan? Ku taya ni dubawa, idona ya yi rauni. Kamar na taɓa sanin mai irin fuskar nan a Matamaye."

Najaha ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta yi wa mamaci addu'a, ta fara jero uzuri. Gwaggo ta katse ta, ta ce a kwanto mata angonta daga goyo ta gani. Ta karɓi Yunus ta juya shi, ta ce wannan angon bai zo da ko goro ba, kuma ga shi da kan Iliyasu, ita ta fasa auren. Matan suka yi dariya. Daga nan ta shiga labarin jinyar Alhaji, yadda ƙafa ta kumbura, yadda ya daina cin tuwo sai kunu, da abin da ya ce ranar ƙarshe. Ta ce har ya tambayi Najaha, wai ina yarinyar nan mai dama masa fura ba gudaji. Najaha ta yi kuka, kuma kukan na gaske ne.

Bayan azahar, an ci abinci, Najaha ta jawo jakarta kusa tana jiran matan su tashi. Sai ɗaya daga cikinsu ta ɗauko zancen masu zuwa gaisuwa. Gwaggo ta ce ai ta ga iri-iri. Wani ɗan ƙanin Alhaji ya zo makon jiya, bai gama shafa fatiha ba ya tambayi wa za a ba babur ɗin marigayi. Wata kuma ta share hawaye ta nemi atamfa uku sai bayan Sallah. Yanzu in ta ji sallama, sai ta zauna tana jiran abin da zai biyo bayan addu'a.

"Ke dai kin makara," ta ce wa Najaha, "amma kin zo don Allah. Na yafe miki."

Najaha ta janye hannunta daga jakar.

Gwaggo da kanta ta juya kan Firdausi, ta sa mata albarka a kan bak, ta tambayi inda za ta zauna. Firdausi ta dubi yayarta. Najaha ta ce an samu wuri kusa da jami'a, ana kan magana. Gwaggo ta tambaya ko akwai abin da ya rage. Najaha ta ce babu, sai addu'a.

Sai da suka fito titi Firdausi ta yi magana. Ba ta saba ɗaga wa yayarta murya ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Yaya, ita fa ta tambaya. Har sau biyu."

"Kin ji abin da ta ce a kan mai babur. So kike in zama ta uku a labarin? Ba a haɗa gaisuwar mutuwa da roƙo rana ɗaya."

"Gobe Alhamis."

"Na san ranar da gobe take."

Firdausi ta ce to su kwana, da safe a faɗa mata. Najaha ta ce wannan ai duk ɗaya ne, kowa zai gane abin da ya kawo su. A bar gaisuwar ta yi ko kwana biyar ita kaɗai, sannan ta dawo takanas da buƙata, yadda ake yi. A haka suka wuce Takeita. Firdausi ta kafa kai a gilashi, Najaha tana ba Yunus nono tana ƙara gaya wa kanta cewa daidai ta yi.

Da safe ta kira Hajiya Ummu Salma, ta ce ta samu mai tsayawa, babbar mace mai gida, amma sai Litinin za su zo. Ba ta faɗi sunan ba, don ba ta so sunan Gwaggo ya shiga maganar da Gwaggo ba ta sani ba. Hajiya ta faɗa mata a fili cewa alkawarinta na yau ne. Daga gobe, duk wanda ya riga zuwa da mutuminsa shi ke da ɗaki, ga karatu ya kusa farawa, iyaye na ta sallama. Najaha ta ji sarai. Ta lissafa a ranta cewa in ita ta sha wannan wuya wajen neman mai tsayawa, wasu ma za su sha, kwana huɗu ba wani abu ba ne.

Ranar Litinin ta koma ita kaɗai da Yunus. Ta samu Gwaggo tana shirin fita shago. Bayan gaisuwa ta fito da takardar ta yi bayani, kanta a ƙasa. Gwaggo ta tambayi tun yaushe takardar take hannunta. Najaha ta faɗi gaskiya.

"Wato ran Laraba tana cikin jakar nan, kina zaune kina cin tuwona."

"Na ji kunya ne, Gwaggo. Na zo gaisuwa."

"Kunyar wa? Ɗan ƙanin Alhaji babur ya nema wa kansa. Ke ɗiyar wana kike nema wa wurin kwana. In ban tsaya wa Firdausi ba, wa zan tsaya wa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko katinta, ta yafa mayafi, ta ce a tare musu adaidaita. A hanya ba ta daina faɗa ba, har mai adaidaitan ya ce Hajiya a yi mata haƙuri.

Tun daga ƙofar gida Najaha ta hango sabon labule a ɗakin ƙurya, da takalma a bakinsa. Hajiya Ummu Salma ta fito, tana ganin Gwaggo ta washe baki. Ashe shekara da shekaru a shagonta take sayen atamfa, ta je mata gaisuwar Alhaji ma. Suka gaisa suka daɗe. Da aka zo kan zancen sai fuskarta ta canza. Ta ce ran Asabar wani malamin makaranta ya kawo ɗiyar abokinsa daga Yauri, ya sa hannu, an shigo da kaya.

"Ke kuwa da kin ce mini ɗiyar Hajiya Shekara ce," ta ce wa Najaha, "ko a waya ta yi mini magana ai ya isa. Takardar ma sai ran da ta samu sukuni."

Najaha ta tambaya ko za a iya ƙara katifa a wani ɗakin. Hajiya ta ce kowane ɗaki da mutum biyu, na ƙuryar ne kaɗai na mutum ɗaya saboda ƙanƙantarsa, kuma ba za ta cusa ta uku ba. Ta kira wasu masu gidaje biyu da ta sani, a gabansu. Ɗaya ya cika, ɗayan maza da mata ne a haɗe, ƙofa ba a rufewa. Abin da ta iya yi shi ne ta rubuta sunan Firdausi na baɗi, ko in wata ta tashi kafin nan. Gwaggo ta sa hannu a kan wannan.

A hanyar komawa Gwaggo ta ce ita ba ta ga abin damuwa ba. Ga ɗakin Alhaji a rufe, ga kuran ɗin lantarki, ga ruwa, yarinya ta zo ta zauna a gidan ubanta. Dama tun farko abin da ya kamata ke nan, ba a kai 'ya mace haya alhali danginta na gari. Ita ma ta samu mai ɗebe mata kewa, ga jikoki uku da aka bar mata, ga ƙafa ta fara ciwo.

Najaha ta san ba a mayar da irin wannan tayi, balle ga wadda ta yafa mayafi ta fito dominka. Kuma ba wani wurin. Sai da suka shiga gida suka zauna ta tattaro ƙarfinta.

"Gwaggo, alfarma ɗaya. In Firdausi ta zauna karatu, kada a kira ta. Ni a gidan nan aiki ne ya hana ni, ba kai ba."

Gwaggo ta ajiye mayafinta ta dube ta.

"Ba ki taɓa faɗa ba," ta ce. "Kullum in na kira ki, da gudu kike zuwa. Na ɗauka karatun ne ba kya so."

Ta ce ta ji, za ta kiyaye. Aikin gidan ma yanzu ba shi da yawa, ɗan abin da ba a rasa ba ne, kuma 'ya mace ba ta zama a gida ta naɗe hannu. Najaha ta yi godiya. Ta san Gwaggo da gaske take, ta kuma san girman ɗan abin da ba a rasa ba.

Da ta koma Matamaye ta faɗa wa Firdausi komai, ba ta rage laifinta ba. Ta ce da ta buɗe baki ran Laraba, ko ta ambaci suna ran Alhamis, da an gama. Firdausi ta ce ba komai, Allah bai yi ba, ta tashi ta fara haɗa kaya. Da ta yi mata faɗa da Najaha ta fi jin sauƙi. Iliyasu ya ce a waya ai gara haka, kuɗin hayar ya zama na mota.

Ranar Lahadi Najaha ta kai Firdausi gidan Gwaggo. Ta share ɗakin Alhaji da kanta, ta matsar da buhunan atamfa gefe ɗaya, ta sa kafinta ya gyara tebur. Ta bi da Firdausi hanyar da za ta riƙa samun adaidaita, ta tambayi mutane tsawon tafiyar da safe, ta gaya mata lallai ta fita kafin yara su farka, in an tashi aji kuma ta zauna ɗakin karatu na jami'a har la'asar. Ta ja babbar jikar Gwaggo gefe ta nuna mata yadda ake wanke tukunya. Ta ce wa Firdausi in an kira ta tana karatu ta ce tana zuwa, ta gama shafin tukuna. Firdausi ta ce to, da irin muryar da Najaha ta san ba za ta iya ba.

La'asar ta yi, Najaha ta goya Yunus ta yi sallama don ta samu motar ƙarshe. Firdausi ta rako ta zaure ta koma, ta ce za ta jera littattafanta. Najaha na gyara goyo a bakin ƙofa ta ji muryar Gwaggo daga tsakar gida, a sake, ba da wata manufa ba.

"Firdausi, ɗan zo ki ɗora mana ruwan tuwo, ƙafar nan ta hana ni tashi."

Najaha ta ji an buɗe ƙofar ɗaki, ta ji takun takalmi. Sai ta juya ta koma ciki. Ta karɓi tukunyar daga hannun ƙanwarta, ta ce ta fasa tafiya sai gobe, ita za ta yi tuwon, Firdausi ta koma ɗaki. Gwaggo ta yi murna, ta ce dama ta yi kewar miyar Najaha.

Ta tsuguna gaban murhun da ta sani tun tana 'yar shekara goma sha uku, ta gyara itace, ta hura wuta. Na yau kaɗai take iya ɗauke mata. Gobe da sassafe Jamila na jiranta a Matamaye, da gyaɗar da ta bari ba a soya ba.